Rabin Ƙwayar da Ya Raba Ni da Alƙur'anin Mahaifina

Assalamu alaikum, Edita. A lokacin da wannan abu ya same ni ina da shekara talatin da 'yan kai, ina zaune a ƙauyen da aka haife ni, tsakanin Dutse da Kafin Hausa. Malamin zaure ne ni, ɗan alaramma. Safe da yamma ina koya wa yaran unguwa karatu, da damina kuma in noma gero da riɗi kamar kowa. Mutum ne ni mai shiru-shiru, irin wanda ko a wurin ɗaurin aure sai an waiwaya ake sanin ya zo. Matata takan tsokane ni cewa da ana sayar da magana a kasuwa da tuni mun yi arziki, don tawa duk tana nan a ajiye ban taɓa ta ba. Ina tare da ita da 'ya'yanmu biyu, sai mahaifiyata da muke kira Inna a ɗakinta na cikin gida, sai yayana da ke sayar da hatsi a Dutse yana leƙo mu lokaci-lokaci. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba. Na rubuto ne don abin ya daɗe yana cina, kuma ina da saƙo zuwa ga wani bawan Allah da ban san sunansa ba, ban san garinsu ba.

Mahaifinmu, wanda duk gidan muke kira Malam, Allah Ya jiƙansa, ya rubuta Alƙur'ani da ka sau da dama. Duk sun tafi hannun mutane, sai guda ɗaya da ya ƙi rabuwa da shi, shi ne ya faɗo a rabona bayan rasuwarsa. Warƙa-warƙa ne babu ɗinki, baƙaƙen da tawadar bagaruwa, wasulan da ja, a cikin gafakar jan fata wadda maratayinta ya yi baƙi saboda riƙo. Dalilin da ya hana Malam rabuwa da shi Inna ce ta gaya mini, kuma ta maimaita ya fi a ƙirga. Wai ina rarrafe wata rana Malam ya tashi zuwa alwala, na tsoma babban yatsana a kurtun tawada, na dangwala a gefen warƙar da yake rubutawa, a farkon Suratul Kahfi. Wani malamin da cire warƙar zai yi ya sake wata. Shi kuwa dariya ya yi, ya ɗauki alƙalamin ja ya zagaye tabon, ya ci gaba da rubutunsa. Tun bayan rasuwarsa, duk ranar Juma'a da hantsi Inna za ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, in ɗauko gafakar in karanta mata Kahfi. Idan na gama sai ta karɓi warƙar farko, ta ɗora yatsanta a kan wannan tabo, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta miƙo mini. Ba ta taɓa gaya mini abin da take tunani a wannan shirun ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Shekara biyu bayan rasuwar Malam ciwon ya fara zuwa, kuma wallahi bai zo da kamannin ciwo ba. Barci ne ya fara ɗauke mini, amma babu gajiya ko kaɗan. Jikina ya yi sakayau, kaina ya buɗe, duk abin da na taɓa karantawa ya dawo mini lokaci guda. Ni da ba na iya haɗa magana uku a gaban jama'a, sai ga ni a ƙofar masallaci bayan la'asar ina wa'azi har a kira magariba, mutane sun zagaye ni. Dattawa suka ce buɗi ne ya zo, albarkar Malam ce ta sauka a kan ɗansa. Na ji daɗin wannan magana fiye da yadda zan iya faɗa. Sai da na tare liman a gaban sahu na ce karatunsa duk kuskure ne, na kuma ɗauki diga na fara haƙa rijiya ni kaɗai a harabar masallaci, sannan waɗanda suka ce buɗi ne suka koma cewa iska ce. An yi mini rubutu na sha, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya, gidan malamai ne ba a rasa ko ɗaya ba. Da abin ya ƙi, yayana ya zo da mota, maza huɗu suka riƙe ni aka kai ni asibiti a Dutse.

Bayan na dawo hayyacina likitan ya zaunar da ni da yayana ya yi mana bayani a natse. Ya ce sunan ciwon baifola, ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke ɗaga mutum sama har ya rasa birki, wani lokacin kuma ya jefa shi ƙasa cikin baƙin ciki mara dalili. Ya ce ba ya hana addu'a, shi ma yana yi, amma magani kullum ne, ba a tsallakewa, ba a ragewa sai da saninsa, ko da mutum ya ji garau. Sannan ya tambaye ni ko ina da katin inshorar lafiya. Na ce masa katin da na mallaka duk duniya na zaɓe ne. Ya yi murmushi, ya rubuta mini takarda. A wurin karɓar magani na ga wani ma'aikacin gwamnati da ke gabana ya miƙa katinsa, ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya tafi da ledarsa cike. Ni da na ji abin da maganin wata ɗaya zai ci, sai da na sake tambaya ko na shekara ake nufi. Ban yi masa hassada ba, Allah Ya sani, amma na bi ledar nan da kallo har ya fita daga ƙofa.

Na yi shekara biyu ina shan magani yadda aka ce. Idan an sayar da riɗi da kaka sai in sayo na 'yan watanni in ba matata ta ajiye, kullum bayan tuwon dare ta miƙo mini ƙwaya ɗaya da ruwa. Lafiya ta samu, na koma zaurena, iyayen yara suka dawo da 'ya'yansu sannu a hankali. Amma tun da na ce zan faɗi gaskiya, bari in faɗe ta duka. Maganin yana sa mini nauyin jiki, kuma yana sa hannuna rawa kaɗan, ga shi ni mai riƙe alƙalami ne. Idan na ja baƙi sai in ga ya karkace, in tuna na Malam da ke tsaye kyam. Abin da ya fi wannan kunyar faɗa shi ne, ina kewar ciwon kansa. Ina kewar mutumin nan da ke tsayawa a ƙofar masallaci magana na zubo masa, wanda ba ya tsoron kowa, wanda yake jin babu abin da ya fi ƙarfinsa. Wani lokaci ina zaune a kan buzu yara na karatu, sai in ji kamar wani ɗan'uwana ne na jini ya yi tafiya bai dawo ba. Ban taɓa gaya wa likita wannan ba, don na ɗauka zai ce hankalina bai gama dawowa ba.

A shekara ta uku marka ta same mu a matse. Riɗin bara bai yi kyau ba, rumbu ya yi ƙasa, gona na neman taki, maganin da ya rage kuma na wata ɗaya ne, kaka kuwa saura wata biyu da wani abu. Duk wanda ya tashi a gidan manomi ya san abin da ake yi a irin wannan lokaci. Ba a zuwa roƙo, awo ake ragewa. Gidan da ke dafa tiya biyu sai ya koma ɗaya da rabi, a ƙara ganye a miya, a lallaɓa har sabon gero ya shigo. Haka na ga Malam yana yi, haka kakanninmu suka yi, ba a kuma taɓa kiran hakan wauta ba, sunansa iya riƙon gida. Sai na ɗauki wannan dabara ta rumbu na ɗora wa magani. Na sa rezar da nake fiƙe alƙalami da ita na raba ƙwayoyin nan biyu-biyu, na jera su tsaf a cikin gwangwani, ina jin kaina mai wayo. Da matata ta tambaya, na dube ta ido cikin ido na ce likita ne ya ce a rage tun da na samu sauƙi. Ta yi hamdala har da ɗaga hannu. Da rabin ma ya kusa ƙarewa, sai na koma sha yau gobe in huta. Yayana yana nan Dutse, da na buɗe baki da bai bar ni haka ba, amma na ga ya riga ya ɗauki nauyin asibitin farko, kunya ta hana ni.

Da aka fara yankan riɗi na ji baƙon nawa ya dawo, kuma maimakon in tsorata, maraba na yi masa. Hannuna ya daina rawa. Na sayo takarda na zauna rubutu, in cika warƙa goma a yini ban ji komai ba. Abinci ya zama ɓata lokaci, barci ya zama na ragwaye. Matata ce ta fara ganewa. Ta same ni a zaure ta ce, cikin ladabi, maigida idanunka sun koma irin na wancan karon, mu je a ga likita. Na ce mata ita dai ba ta son ci gabana, ta fi son ta gan ni a zube kamar buhun dusa. Ta yi kuka, ni kuwa ko a jikina. Da aka kaɗe riɗi aka sayar, ta haɗa ni da Allah in je Dutse in sayo magani, na amsa mata don in huta da naci. Amma a raina wata tafiyar ce daban. Na riga na gama tsara wata babbar makaranta mai bene da zan gina a ƙauyenmu, kuma na tabbata duk mai kuɗin da ya ga rubutun Malam zai ba da gudummawa nan take. Don haka na shiga ɗaki na saɓo gafakar a ƙarƙashin babbar riga. Inna tana tsakar gida tana tsince wake, ta yi mini a dawo lafiya, ba ta san abin da na ɗauka ba.

Ban je kemis ba, ban kuma je wurin mai kuɗi ko ɗaya ba. A tashar Dutse na tsaya. Na biya wa mutanen da ban sani ba kuɗin mota, na saye awarar wata mata gaba ɗaya na raba, 'yan kamasho suna ta yi mini kirari. Can sai na hango wani dattijo a kan benci yana jiran motar Ringim ta cika. Yana da farin gemu, da hula fara da ta sha wanki, da buta koriya a gefen ƙafarsa, yana karatu a wani ɗan ƙaramin Alƙur'ani na bugu wanda bangonsa ya cire, yana kai shi dab da idonsa. A take na ji a zuciyata, ba tare da ko ɗigon shakka ba, cewa saboda wannan mutumin Allah Ya fito da ni daga gida. Na durƙusa a gabansa na miƙa masa gafakar. Ya buɗe, ya ga rubutun. Wallahi bawan Allahn nan bai zalunce ni ba. Sau uku yana mayar mini. Ya tambaye ni rubutun wane ne, na ce na mahaifina. Ya tambaya ko mutanen gida sun sani, ya ce irin wannan ba a kyauta da shi a tasha, in koma gida in kwana a kan maganar. Ni kuwa na ɗaga murya na tara masa jama'a, na rantse da Allah in bai karɓa ba ya ƙi kyautar Ubangiji, na ce ni cikin kwana arba'in zan rubuta wanda ya fi shi. Ya karɓa da hannu biyu yana hawaye, ya yi wa Malam addu'a mai tsawo. Mota ta cika, ya shiga, na tsaya ina ɗaga masa hannu ina jin babu wanda ya kai ni dace a duniya. Ban tambayi sunansa ba.

Bayan kwana uku aka tsince ni a wata kasuwar ƙauye ta hanyar Kafin Hausa, babu takalmi, ina yi wa masu sayar da awaki wa'azi. Wani direba da ya san yayana ne ya kira shi. Kwanciyar asibiti ta wannan karon ta cinye abin da ya rage na riɗi, ta haɗa da tumakin Inna biyu. Abin da na yi tattali da reza bai kai ko ƙafar tunkiya ɗaya ba. Amma duk wannan bai dame ni ba kamar ranar da hankalina ya dawo na shafa kafaɗata na tuna na bayar da gafakar. Na juya fuskata bango na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka binne Malam. Na gaya wa matata da yayana, muka haɗu a kan kada Inna ta ji, don tana da hawan jini. Juma'ar farko bayan an sallame ni ta shimfiɗa tabarmarta kamar kullum, ta ce in ɗauko. Na ce mata maratayin gafakar ne ya tsinke, na kai wa wani baduku a Dutse ya gyara. Matata da ke tankaɗe a gefe ta sunkuyar da kai. Na karanta Kahfi da ka. Da na gama na ga hannun Inna ya ɗan ɗago daga cinyarta kamar zai karɓi wani abu, sannan ya koma.

Na shiga nema. Duk ranar da na samu kuɗin mota sai in tafi tashar nan in bi direbobin Ringim ɗaya bayan ɗaya, ina kwatanta musu dattijo mai farin gemu da buta koriya. Wani ya yi dariya ya ce ai na kwatanta rabin dattawan Jigawa. Na je Ringim ɗin kanta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na bi zaurukan malamai ina sallama, ina tambaya ko an ga wani ya zo da rubutun hannu daga Dutse. Wasu su tausaya mini su ba ni ruwa, wasu kuma in ga suna kallon juna, na san labarina ya riga ni isowa, suna auna ko ciwon ne ya motsa. Wata rana aka kai ni wurin wani mutum da aka ce ya samu irinsa kwanan nan. Gafakar jan fata ce irin ta Malam. Na yi alwala na buɗe, na wuce kai tsaye zuwa Kahfi, gefen warƙar fari tas. Rubutun ma mai kyau ne, Allah Ya saka wa mai shi, amma ba hannun Malam ba ne. A motar dawowa na riƙa tuna ƙamshin gafakar nan, na fata da tawada da turaren da Malam ke shafawa. Na gane ba takarda kaɗai na bayar ba, wuri ɗaya da ya rage inda hannuna da nasa suka haɗu na bayar. A duk tsawon wannan lokaci Inna takan tambayi baduku jefi-jefi, ni kuma in ce aiki ne ya yi masa yawa.

Sai da aka shekara. Wata Juma'a na gama karatu zan tashi, Inna ta ce in zauna in ba ta hannuna na dama. Ta kama babban yatsana ta riƙe, ta yi irin shirun da takan yi. Sannan ta ce in gaya wa badukun nan ya riƙe aikinsa, ta yafe masa. Ta ce tun satin da abin ya faru ta ji a gidan suna, har da awarar da na raba, ta yi shiru ne tana jiran ranar da zan gaji da ɗaukar ƙaryar, sai ta ga ba ni da niyyar gajiya. Na kasa ɗaga kai. Ta ce Alƙur'anin yana hannun mai karanta shi, Malam yana samun ladarsa a kabari, wannan bai ɓata ba. Ta ce abin da ke kan takardar tabo ne kawai, yatsan da ya yi shi ga shi a hannunta, kuma shi ne ba za ta iya jure rasawa ba. Daga nan ta juya faɗa, irin wanda rabona da shi tun ina yaro. Ta ce wane irin malami ne ba ya bambance hatsi da magani, in na ƙara kusantar ƙwayar nan da reza ba ta yafe ba. Ta nuna wata jar akuya da ke ɗaure a turke ta ce daga yau sunanta akuyar magani, duk abin da ta haifa na kemis ne, ko gidan zai kwana da yunwa ba a taɓa shi.

Na koma wurin likita tare da matata na faɗa masa komai, har da rawar hannu, har da kewar da nake yi wa ciwon. Bai yi mamaki ba, ya ce da yawa suna jin haka. Abin da ya ɓata masa rai shi ne shirun da na yi. Ya ce da na zo na ce kuɗi sun gaza, da ya duba wanda ya fi sauƙin kuɗi da zai iya riƙe ni, rawar hannun ma akwai yadda ake daidaita ta. Ya ce in riƙa tambaya game da tsarin inshora na waɗanda ba ma'aikata ba, kada in yanke wa kaina hukunci cewa ba na irinmu ba ne. Har yau ina kan bin wannan, ban kai ga samu ba. Da muka dawo gida na ɗaura niyyar rubuta wa Inna wani Alƙur'anin da hannuna, matata kuma ta kafa sharaɗi, warƙa ɗaya a yini, ba ƙari. Wannan sharaɗi shi ya zama ma'auninmu. Ranar da ta ga na gama ɗaya ina lalubar ta biyu, ko na fara cewa barci ɓata lokaci ne, sai ta ɗauke kurtun tawada ta kulle a ɗakinta, gobe mu kama hanyar Dutse. Sau biyu hakan ta faru, na yi fushi na yi surutai, amma duka biyun an tare abin tun bai yi nisa ba.

Abin da ya fi wuya shi ne ganin Inna tana tsufa a gabana ni kuma ina tafiyar warƙa ɗaya. Wata ranar ma hannu ya yi rawa in ɓata, wata ranar gona ta hana. Na san sarai inda warƙa goma a yini take, tana cikin gwangwanin magani, in daina sha kawai, kuma ba zan ɓoye ba, na sha tsayawa ina kallonsa. Matata ta ba da shawara in tsallaka in rubuta Kahfi tukuna tun da warƙoƙin ba a ɗinke suke ba. Inna ta ƙi, ta ce Malam bai taɓa tsallake ba, ita kuma ba inda za ta. Da jikinta ya yi tsanani bara, ina cikin surar da ke kafin Kahfi, saura 'yan kwanaki in isa. Ta sa aka kira ni, ta ce in zo da farar warƙa da tawada. Na ɗauka wasiyya za ta sa in rubuta. Sai ta tsoma babban yatsanta a kurtu, ta dangwala a gefen warƙar, ta ce in ajiye wannan, idan na iso wurin in yi amfani da ita, kuma kada in kuskura in yi sauri. Ta rasu ranar Laraba. Bayan an share makoki na ƙarasa abin da ya rage ɗaya bayan ɗaya, ran da na iso na ɗauko warƙarta na rubuta farkon Kahfi a kai, na ɗauki alƙalamin ja na zagaye tabon. Hannuna ya yi rawa, da'irar ba ta fita daidai irin ta Malam ba, na bar ta a haka.

'Yan'uwa, abin da na koya da tsada na saye shi, ku ku karɓa kyauta. Idan kana da wannan ciwo, ranar da ka ji ka fi kowa lafiya da basira ita ce ranar da ya kamata ka fi jin tsoro. Magani ba hatsin rumbu ba ne da za a rage awo a jira kaka. In kuɗi sun gaza ka faɗa wa likita ƙarara, ka faɗa wa ɗan'uwanka, kunyar minti biyar ce, ni tawa kunyar da na guje wa ga inda ta kai ni. Ka samu mutum ɗaya a gida da ka yarda ya ce maka tsaya, ka kuma ba shi wannan izini tun kana cikin hankalinka. Ku kuma dangi da maƙwabta, in mai shiru ya wayi gari yana zuba ba barci, kada ku yi saurin cewa buɗi ne, kuma in mutum ya zo yana rabon abin da ya fi ƙarfin kyauta, ku riƙe masa amana har ya dawo hayyacinsa. Saura saƙona. Baba mai buta koriya, ko kai da ka gaje shi, in wannan takarda ta iso gare ka, buɗe farkon Kahfi ka duba gefe. In ka ga ɗan tabon yatsa an zagaye shi da ja, to na Malam ne. Ba na cewa ka dawo da shi, wadda nake nema dominta ta riga ta tafi. Ina dai kewarsa, ina son in san yana nan ana buɗe shi. Ranar Juma'a in ka zo wurin, ka yi wa wanda ya rubuta addu'a, ka haɗa da matarsa. Mai yatsan kuwa yana nan da rai, kuma ƙwayarsa ɗaya cur yake haɗiya kullum.